Ra'ayinmu: Kitsen jini, tukunyar miya da kwalbar mai lasifika

Duk mai bi ta tasha ko bakin kasuwa a Azare ya san wannan murya. Mota ce a gefen titi, lasifika ɗaure a kanta, an baje kwalabe da ƙullin garin magani a kan tabarma. A da, jerin cututtukan da mai maganin ke zubowa kowa ya haddace shi: basir, sanyi, shawara, taifot, olsa, ciwon baya. 'Yan shekarun nan an yi baƙo a jerin, wato kolestarol, wanda wasu ke kira kitsen jini, wasu maiƙon jini. Mai lasifika zai ce kwalba ɗaya ta isa ta narkar da shi, ta wanke jijiya tas, kuma ganye ne zalla, ba shi da illa. A waya ma zancen ke nan. Yau a turo maka haɗin tafarnuwa da lemon tsami, gobe garin zogale da zuma, jibi zoɓo da hulba.

Shi kuwa magidancin da ya fito daga ɗakin gwaji riƙe da 'yar takarda mai layi huɗu, an ja jan biro a ƙarƙashin ɗaya, yana tsaka mai wuya. Likita ya rubuta masa ƙwaya, ya ce kullum, kuma bai yanka masa ranar dainawa ba. Aljihu ya ce ba zai iya ba. Maƙwabci ya ce ai ganye ya fi. Saboda wannan mutum muka yi wannan rubutu, domin amsar da yake samu daga kowane ɓangare guntuwa ce. Wani ya ce masa ganye shi ne komai, wani ya ce masa ganye camfi ne. Mun duba lamarin, ba mu tarar da cikakkiyar gaskiya a bakin ko ɗayansu ba.

Kolestarol dai ba guba ba ne, kuma ba baƙo ba ne a jiki. Fatar kowace ƙwayar halitta da ke jikin ɗan Adam da shi aka ƙarfafa ta. Da shi jiki ke haɗa sinadaran balaga na maza da na mata, da bitamin D, da ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙon abinci. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera abinsa, musamman hanta; wanda ke shigowa ta baki shi ne ƙaramin kaso. Shi ya sa za ka ga siririn mutum wanda nama sai Sallah, a gwada a tarar nasa ya hau, ga mai tumbi nasa daidai. Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, jini na ɗauke da shi a cikin wasu 'yan ƙunshi. Wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji shi ne abin lura. In ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiya ya taru, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, sai ranar da hanya ta toshe. In a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a ce shanyewar ɓarin jiki.

Yadda jiki ke daidaita wannan kaya shi ne abin da ya kai likitoci biyu na birnin Dalas a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, ga lambar Nobel a 1985. Sun gano cewa ƙwayar halitta, musamman ta hanta, tana leƙa rumbunta kamar uwargida mai tattali. In ta ga kolestarol ya yi ƙasa a ciki, sai ta fito da wasu ƙugiyoyi a fatarta, su riƙa cafko LDL daga jini suna shigowa da shi. In rumbu ya cika, sai ta janye ƙugiyoyin, LDL ya yi ta yawo a jini ba mai ɗauka. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe bakin zaren maganar gaba ɗaya. Abincin da ke rage kitsen jini da ƙwayar da likita ke rubutawa duk ta ƙofa ɗaya suke bi: su sa hanta ta ji ƙarancin kolestarol, ta ƙara ƙugiyoyi. Ba abin da ke shiga jijiya ya kankare ta kamar yadda ake wanke tukunya da soso.

To, me tsirrai ke yi? Suna da nasu dangin kolestarol, ana kiransu faitostarol, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne sitostarol. Kamanninsu da kolestarol kamar na 'yan ɗaki ɗaya ne. A cikin hanji, kolestarol ba ya iya ƙetarawa zuwa jini shi kaɗai, sai ya shiga wasu 'yan kumfa da ruwan maɗaciya ke haɗawa. Ka ɗauka mashigin kogin Jama'are ne da damina, kwalekwale ɗaya, wurin zama ƙidayayye. Faitostarol yakan riga kolestarol shiga ya kama wuri, a bar kolestarol a gaɓa, ya bi bayan gida ya fita. Shi kuma faitostarol da ya isa ɗaya gaɓar, ƙwayoyin hanji sukan gane ba nasu ba ne su maido shi. Kolestarol kimanin rabinsa ke shiga jiki, na tsiro kuwa bai kai 5 cikin 100 ba. Hanta ta ga kaya ya ragu, ta ƙara ƙugiya, LDL ya sauka.

Wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce. Tun farkon shekarun 1950 aka gwada shi a kan kaji da mutane. A 1995 wani kamfani a Finlan ya fito da man shafa wa burodi mai suna Benecol da aka ƙara wa irin wannan sinadari, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun tsaya a kan adadi kusan ɗaya: giram 2 a rana na rage LDL da kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100, cikin 'yan makonni. Wanda ya haura giram 3 ba ya samun wani ƙarin a zo a gani. Abincin yau da kullum kuwa yakan ba mutum miligiram 200 zuwa 400 ne kawai.

A nan ne ya kamata mai karatu na ƙasar Katagum ya ɗauki alƙalami. Cikin duk tsabar da aka auna, riɗi na sahun gaba wajen yawan faitostarol, kimanin miligiram 400 a giram 100. Riɗin nan da manoman Gamawa da Zaki da Itas/Gadau ke kaɗewa da kaka, 'yan kasuwa su loda shi a tirela ya nufi tashar jirgin ruwa, daga can sai Japan da Turkiyya da Sin, a gida a bar wa yara kantu. Amma kafin mutum ya tara giram 2 daga riɗi kaɗai sai ya ci rabin kilo a rana, alhali rabin nauyin riɗi mai ne. Rabin kilon nan ya haura ƙarfin abincin da babban mutum ke buƙata na yini guda. Wato abin yana nan a cikin amfanin gonarmu, kuma yana da amfani, amma babu tsaba ɗaya ko ganye ɗaya da zai ɗauki nauyin aikin shi kaɗai. In rabin kilon riɗi ne ke ba da sauƙin kashi 10, mene ne cokali ɗaya na garin da ba a san abin da ke cikinsa ba zai yi cikin mako guda?

Akwai hanya ta biyu, ita ce ma ta fi kusa da murhunmu. A ɗaga ludayi daga tukunyar miyar kuɓewa ɗanya, a ga yadda take bin sa zare-zare ba ta tsinkewa. Wannan yauƙi shi ne abin nema. Hanta da kolestarol take haɗa ruwan maɗaciya, ta zubo shi hanji, in ya gama aikinsa jiki ya tsotse kusan kashi 95 cikin 100 ya maida mata. Yauƙi yakan dabaibaye wani kaso na wannan ruwa ya fice da shi. Dole hanta ta haɗa sabo, ta ci daga rumbunta, ta ƙara ƙugiya. A ƙasashen Turawa hatsin ots da sha'ir aka fi gwadawa a kan haka. Mu kuwa Allah ya hore mana kuɓewa, da kuka, da karkashi, da lalo, miyar da wasu 'yan birni ke jin nauyin ajiye wa baƙo.

Kuɓewa ma ta shiga littafin masana. A 2003 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka wallafa wani gwaji da aka yi da mutum 46. Wani rukuni aka haɗa masa abubuwa huɗu a abinci: faitostarol, da waken soya, da 'ya'yan itacen almon, da abinci mai yauƙi wanda ya haɗa da kuɓewa da yalon Turawa. Wani rukuni aka ba shi ƙwayar lovastatin. Bayan wata ɗaya, LDL na masu abinci ya sauka da kusan kashi 29, na masu ƙwaya da kusan 31. Masu son ganye na yawan kafa hujja da wannan, kuma suna da haƙƙin yi. Sai dai a haɗa da sauran labarin. A wancan gwaji masu bincike ne ke ba mutanen abincin, a aune. Da aka maimaita, aka wallafa a 2011, da mutum sama da 300 na wata shida, aka ba su shawara kawai kowa ya je ya dafa a gidansa, sauƙin bai wuce kashi 13 zuwa 14 ba. Kashi 13 ba abin rainawa ba ne. Ga mutumin da nasa ya ɗan haura kaɗan, kuma ba shi da wata larura, yana iya zama duk abin da yake buƙata. Ga wanda nasa ya ninka, bai kama hanya ba.

Wake ma haka. Da aka tattara gwaje-gwaje 26 a 2014, an ga cin kimanin giram 130 na dafaffen dangin wake a rana, wato abin da bai cika kofin shayi ba, na rage LDL da kusan kashi 5. Awara na ƙara nata 'yan kashi. Gyaɗa, wadda da ita da auduga kasuwar Azare ta yi suna tun bayan da hedikwatar masarauta ta dawo nan daga garin Katagum a 1916, tana ɗauke da faitostarol, kuma manta mafi yawansa ba mai daskarewa ba ne. Kowanne da ɗan nasa, sai an tara su yau da gobe suke zama wani abu. Ɗanwake, alale, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar taushe da gyaɗa, tuwon geron da ba a surfe shi ya yi fari fat ba: duk wannan ba sai an je kemis ba.

Yanzu ga ganyayen da aka fi yi wa kirari. Tafarnuwa ce sarauniyarsu. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun ga ɗan sauƙi da ita, amma a 2007 Jami'ar Stanford ta Amurka ta wallafa gwajin mutum 192 na wata shida, wasu ɗanyar tafarnuwa suka ci, wasu ƙwayoyinta, wasu kuma abin da ba komai a ciki. LDL bai motsa ba a kowane rukuni. Zogale abinci ne mai gina jiki, ba mai musun haka, kuma tun shekarar 2000 masu bincike a Inugu suka nuna ruwan ganyensa ya rage kolestarol a jikin ɓeraye. Sai dai mafi yawan hujjarsa har yau a kan dabbobi take, kuma abubuwa da dama sun yi aiki a ɓera sun kasa a mutum. Zoɓo, wanda ake fitar da namu har Meziko, hujjarsa ta fi ƙarfi a kan hawan jini. A kan kitsen jini sakamakon ya rarrabu. Kuma zoɓon da aka gwada ba shi ne wanda ake cika wa sukari a ƙulla a leda a sa a firji ba. Ba mu ce kowa ya daina cin waɗannan ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauke su daga matsayin abinci a ɗora su a kujerar magani ba tare da awo ba.

Maganar cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa, abin da ya fito daga masana'anta shi ne guba, tarihin ƙwayar likitan kanta ya rushe ta. Magungunan nan da sunansu ke ƙarewa da statin, irin su simvastatin da atorvastatin, asalin danginsu daga funfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan hatsin da ya sha danshi. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gwada dubban nau'o'in funfuna a farkon shekarun 1970 kafin ya dace da sinadarin da ke rage wa hanta saurin ƙera kolestarol. Amurka ta amince da na farko a 1987. A 1994 aka wallafa gwajin masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka bi su sama da shekara biyar, aka tarar mace-mace sun ragu da kashi 30 cikin 100 a tsakanin masu shan simvastatin. Irin wannan hujja, ta ƙidayar rayuka, faitostarol bai kai gare ta ba. Abin da aka tabbatar masa shi ne rage lambar da ke kan takarda. Ga kuma abin da ya faru a Japan ɗin a 2024. Kamfanin Kobayashi na sayar da ƙwayar jar shinkafa mai tsami a matsayin hanyar rage kolestarol daga halitta. Wata funfuna ta gurɓata kayan, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da ciwon ƙoda, hukuma ta shiga binciken mace-mace. Wannan a ƙasar da ake sa ido sosai ke nan. Shi kansa faitostarol akwai 'yan tsirarun mutane da aka haifa hanjinsu ba ya iya maido shi, ya taru a jininsu ya toshe musu jijiya tun suna ƙuruciya.

Kada a ɗauka muna yi wa masu maganin gargajiya kuɗin goro. A cikinsu akwai waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suka san saiwa da sassaƙe, suka san iyakar saninsu, in abu ya fi ƙarfinsu su ce a tafi asibiti. Su ne ke kusa da talaka, su ne ke zama su saurare shi da harshensa. Kuma ilminsu ya taɓa cin jarrabawa a ƙasar nan: Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila da cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta inganta, daga haɗin gargajiya ya fito, a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ya ɗaga shi shi ne an auna shi, an gwada shi a kan marasa lafiya, an rubuta abin da aka gani. Mai lasifika bai yi ko ɗaya ba. In ma ya nuna maka lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ka duba ƙarshenta. Mai harafin L shaida ce cewa an duba kayan ba a ga yana cutarwa ba, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce. Kuma cutar da ba ta da alama ita ce ta fi daɗin ciniki, domin mai saye ba shi da yadda zai gane ko maganin ya yi. Zai ce ya ji jikinsa sakayau, alhali da ma kitsen jini ba a jin sa.

Ma'aikatan lafiya ma da nasu. Sau da yawa shawarar abincin da ake ba mara lafiya kamar daga littafin wata ƙasa aka kwafo ta: ka ci ots, ka yi girki da man zaitun, ka ci tuffa. Mutumin Chinade ko Madara da ya ji haka zai gyaɗa kai, ya fito ya ce wannan na masu kuɗi ne. Ko kuma a bi shi da hani kawai: ban da nama, ban da ƙwai, ban da mai, ban da gyaɗa, har ya rasa abin da zai sa a baki. Hana gyaɗa ma kuskure ne. In da za a ce masa, Malam, ka ƙara wake, ka sa a yi maka miyar kuɓewa ko kuka sau da yawa a mako, a rage man shanun da ake kwararawa a kai, ka bar kitsen balangu da kayan ciki sai jefi-jefi, da ya fita da abin da zai iya faɗa wa uwargida a daren nan. Haka nan in ƙwaya ta sa wa mutum ciwon gaɓɓai, kamar yadda takan yi wa wasu, yana buƙatar wanda zai saurare shi ya sauya masa wata ko ya rage awo. In bai samu ba, wurin mai lasifika zai koma.

Za a ce, to Fulanin daji fa, da nono da man shanu ne abincinsu? Tambaya ce mai kyau, kuma an bincika. A 2001 aka wallafa nazarin makiyaya a tsaunukan Jos, aka tarar abincinsu cike yake da mai mai daskarewa, amma kolestarol ɗinsu daidai. Masu binciken sun danganta hakan ga ƙarancin abin da suke ci gaba ɗaya, da rashin ƙiba, da yinin da suke yi a ƙafa bayan shanu. Ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba, babur ya kai shi babur ya dawo da shi, ba zai ci irin cinsu ya tsira da irin jininsu ba.

Wani bincike ya fi wannan kusa da mu. A 2018 aka fitar da sakamakon nazarin masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da na Zariya, aka kwatanta su da masu lafiya tsararsu. Hawan jini ne ya zo na ɗaya, da rata mai faɗi. Rikicewar kitsen jini ta biyo baya. A cikin jerin kuma akwai yawan cin nama da ƙarancin cin ganye. Darasi biyu ke nan. Ganyen miya na da hannu wajen kare mutum, wannan an gani a jinin mutanenmu, ba na wasu ba. Sannan wanda ya duƙufa neman maganin kolestarol bai taɓa miƙa hannu an auna masa hawan jini ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma abin da ke shiga kasko. Galan ɗin man girki da aka rubuta wa cewa ba kolestarol a ciki bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi wani abu ba, domin duk man da ya fito daga tsiro haka yake. Abin dubawa shi ne nau'in man. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Mafi muni shi ne man da masana'antu ke daskararwa don biskit da kek su daɗe a kanta, wanda dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi ga giram 2 a kowane giram 100 na mai. Wake da awara masu amfani ne, amma in aka tsoma su a man da aka yi kwanaki ana maimaita suya da shi har ya yi baƙi, an ba da da dama an karɓe da hagu. Ita ma gyaɗar a zaɓa. Wadda ta yi funfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Hukuncinmu shi ne, sinadaran tsirrai masu rage kitsen jini gaskiya ne, aikinsu sananne ne, ƙarfinsu matsakaici ne, kuma a tukunya suke ba a kwalba ba. Muna goyon bayan kowane gida ya koma wa wake da miyar yauƙi da gyaɗa da riɗi da ganye, ko an gwada jini ko ba a gwada ba, domin ba asara a ciki. Ba ma goyon bayan kowa ya sayi maganin cutar da ba a gwada an ce yana da ita ba. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da ciwon sukari ko hawan jini, ko aka taɓa samun mai bugun zuciya da ƙuruciya a gidansu, ya je a ɗebi jininsa. Akwai kitsen jini na gado, da ke kama kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300, wanda abinci kaɗai ba ya saukar da shi. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya, aka ɗora shi a kan ƙwaya, ya ci kuɓewarsa ya sha ƙwayarsa. Ajiye ta don wani jiƙo wasa da rai ne. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su sha ko ɗaya, na asibiti ko na gargajiya, sai da sanin likita. Kuma duk mai shan wani haɗi ya faɗa wa likitansa ba ɓoye-ɓoye, likitan kuma ya saurara ba da tsawa ba.

Ga hukuma, muna kira ga NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta Jihar Bauchi su riƙa leƙa tashoshi da kasuwannin mako, su tambayi duk mai cewa yana narkar da kolestarol ina hujjarsa. Ƙungiyar masu maganin gargajiya ta fi kowa cin ribar wannan, domin sunan na kirki ne ake ɓatawa. Fadar Mai Martaba Sarkin Katagum, da hakimai da limamai, suna da bakin da jama'a ke ji. Ranar auna hawan jini da kitsen jini kyauta ko da rangwame, a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a, abu ne mai yiwuwa.

Babban kiranmu ga jami'o'in da ke gefenmu ne. Tun 2021 Azare ke da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, ga babban asibitin tarayya a cikin gari, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Toronto ta auna ots da almon saboda su ne a kantunanta. Mu muna son a auna namu. A ɗauki mutum 200 ko 300 'yan ƙasar nan da LDL ɗinsu ya ɗan haura, a raba su gida biyu, a tsara wa rukuni ɗaya cimar wake da kuka da karkashi da riɗi da man gyaɗa a kan awo sananne, a bi su wata shida, a gwada jini farko da ƙarshe. A gayyaci masu maganin gargajiya da suka yarda da kayansu su kawo a gwada ta wannan hanya, da sunan kowane tsiro da awonsa, a duba har da hanta da ƙoda. Abin da ya fito, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya mai awon ludayi da gwangwani, a ajiye a teburin kowane ma'aikacin lafiya daga Azare zuwa Sakwa, a kuma karanta shi a rediyo.